Dogon Noti a Gajeren Rami

Mijina shekara talatin da biyu ya yi yana kwance injin manyan motoci, shi ya sa har yau yake ganin duk abin da ke da noti a jiki ƙanensa ne. A gareji Injiniya suke ce masa, ni ma haka nake kiransa, sai dai su da girmamawa suke faɗa. Tun da aka rufe garejin, bayan motoci sun koma sai an jona musu na'ura kafin su faɗi ciwonsu, ya kwaso akwatin sifanunsa ya dawo gida, mu muka zama motocin. Ya gyara fankar falo, yanzu lamba ɗaya gare ta, ta guguwa. Ya gyara dutsen guga, yanzu sai ka ɗaga wayarsa sama da hannu ɗaya kafin ya yi zafi. Injin markaɗena kuwa yana saman kabad cikin leda, kashi huɗu, yana jiran wani ɗan ƙaramin abu da za a samo tun shekarar da aka haifi jikanmu na fari. Keken ɗinkina kaɗai ya tsira, don na faɗa masa da bakina ranar da ya taɓa shi ranar zan koma gidanmu, ko da yake gidan namu an daɗe da sayar da shi.

Autarmu ce kaɗai ta rage mana a gida. Shekara biyu ke nan da gama karatunta, takardun neman aikin da ta aika ba sa lissaftuwa, yawanci ko "mun gani" ba a ce mata. Wata Litinin da hantsi ina yankan hannun riga sai ta fito daga ɗaki da waya a hannu. Wani kamfani mai ɗaukar ma'aikatan da ke amsa kiran abokan ciniki daga gida ne ya kira ta intabiyu, ranar Alhamis ƙarfe goma na safe, ta bidiyo. Sai dai akwai sharaɗi. Kafin a ce mata ko sannu za su gwada kwamfutarta daga can. In ƙwaƙwalwar aikinta, abin da suke ce wa ram, bai kai takwas ba, ko netwok ya yanke ana cikin magana, na bayanta za su kira.

Kwamfutar Auta laftof ce da yayanta ya saya mata ta hannu tun tana ajin farko a jami'a. Ram ɗinta huɗu ne. In ka kunna ta sai ka ɗora shayi ya tafasa ka dawo ka same ta tana tunani. Ba ta kama waifai sai a lungu ɗaya kusa da tagar falo, nan ma in na gifta da kwandon wanki sai ya ɗauke. Ramin da ake soka wayar intanet kuma ya daɗe da saki, sai an tokare wayar da littafi.

Da la'asar muka tafi wurin Dogo, mai gyaran kwamfuta da ke layin bayanmu, tsakanin mai aski da kantin magani. Ni na bi Injiniya da Auta ne don zan sayi zare, kuma don na san halin mutumina. Shagon bai fi banɗakinmu faɗi ba, ga gawarwakin kwamfutoci jere har rufi. Dogo ya karɓi ta Auta ya danna nan ya danna can, ya ce ba wani babban ciwo ba ne. A ƙara ram, a canja katin waifai da ke ciki a sa na zamani, sannan a sayi wani ɗan abu da ake jonawa a gefe don wayar intanet, ko da waifai zai yi gardama ranar. Aikin rabin awa ne. Ya faɗi kuɗi.

Injiniya ya ce a raba masa, na kaya daban, na hannu daban. Da ya ji na hannu sai ya yi wata dariya da na tsana, wadda yake yi wa direban da ya kawo mota gyara kuma yana ba da shawara. Ya ce wato a rabin awa za a ba mutum abin da shi a zamaninsa sai ya yini ƙarƙashin tirela baƙin mai na ɗiga masa a ido kafin ya gani. A naɗe masa kayan kawai, zai sa da kansa. Na ce ni zan biya na hannun daga ɗinkina. Ya ce ba maganar kuɗi yake ba, alhali tun da muka shigo ba a yi maganar komai ba sai kuɗi.

Dogo ba mutumin jayayya ba ne. Ya sa kayan a leda, yana miƙawa ya ce, "Baba, in dai da kanka za ka yi, abu biyu. Ka fara zare wayar batir kafin ka taɓa komai. Sannan notin bayan nan ba tsayinsu ɗaya ba, duk wanda ka cire ka san raminsa."

"Yaro, noti nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

"Kan injin da nake kwancewa ashirin da shida gare shi, kowanne ya kai babban yatsanka. A faranti ɗaya nake watsa su, ban taɓa mayar da wani inda ba nasa ba."

Dogo yana da 'ya'ya uku da furfura a gemu, amma ya haɗiye "yaron" ya ce Allah ya ba da sa'a. Auta tana tsaye bakin ƙofa rungume da kwamfutarta.

Da muka dawo ta roƙi babanta ya bar mata ita zuwa jibi, tana da abin da za ta ƙarasa. Ya ce ya ma fi, shi ma yana son ya yi nazari. Na same ta a kicin tana wanke kofuna na ce mata abin da nake faɗa wa 'ya'yana tun suna rarrafe, tun daga motar roba har agogon hannu: duk abin da za ki ba Babanki, ki fara yi masa bankwana. Yayyenta dariya suke yi in na faɗa. Ita ba ta yi ba. Ta goge hannu, ta je ta zauna da kwamfutar da wani filash ɗinta, ɗan abin nan da ake kwafe takardu a ciki, har magariba, daga nan ta hau sama wurin Malama, maƙwabciyarmu mai koyarwa a sakandare, wai za ta mayar mata da littafi.

Ranar Talata Injiniya ya yini da waya a tsawon hannu yana kallon bidiyon wani mutum mai tsaftataccen farce yana buɗe irin kwamfutar, cikin yaren da mijina ba ya ji ko kalma ɗaya. Hakan bai hana shi yi masa gyara ba. Ya ce mutumin bai iya riƙon sukundireba ba, da ganin hannunsa bai taɓa yin aikin ƙarfi ba. Da ya buɗe akwatinsa ya tarar mafi ƙanƙantar sukundirebarsa ta fi kan notin girma sau uku, sai ya fita ya sayo wasu 'yan mitsi-mitsi a cikin gidansu na roba. Ban tambayi kuɗinsu ba, don na san rabin rangwamen da muke taƙama da shi ya tafi a nan.

Da yamma ina ɗinki ya zo ya zauna a kujerar da masu kawo min ɗinki ke zama, abin da ba ya yi. Ya daɗe yana juya ledar kayan a hannu.

"Shekara biyu yarinyar nan tana buga-buga," ya ce. "Ban san kowa a ofis ba, ba ni da wanda zan kira a waya in ce ga 'yata. Wannan dai abu ne mai noti."

Na ce masa injin markaɗe ma mai noti ne. Ya tashi da ledarsa, ni kuma na ci gaba da taka kekena, ina jin na faɗi magana.

Laraba bayan karin kumallo ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin cin abinci, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, abin da bai taɓa yi wa abincina ba. Na miƙa masa tabarauna. Shekara biyar ke nan idon mijina ba ya ganin abu na kusa, saƙon waya ma sai ya miƙe hannu kamar zai ba wani, amma a wurinsa tabarau na teloli ne da akawu. Ya ture. Na kawo masa akwatin maganin hawan jininsa mai gida bakwai, na ce ya raba notin a ciki, ko kuma in zana masa bayan kwamfutar a takarda mu manne kowanne a wurinsa da salatif, yadda nake yi wa maɓallan rigar da na warware. Ya ce ba riga yake ɗinkawa ba. Ya tashi da kansa ya ɗauko farantin kofin shayi, mai zanen fure, ya ajiye a dama.

Noti goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, na ji suna faɗawa cikin farantin, baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ni da ke da tabarau na ga uku sun ɗan ɗara sauran, da abin da bai fi kaurin farce biyu ba. Na faɗa masa. Ya ce ya gani, kuma ya san inda suka fito.

Murfin ya ƙi tashi. Ya kai hannu zai ɗauko sukundireba mai faɗin baki ya ɓanɓare shi yadda ake ɓanɓare taya, sai ya tuna mai tsaftataccen farce da katin roba ya yi. Tsohon katin bankina ne ya tafi a wannan. Murfi ya tashi, ga cikin kwamfuta a fili, wani koren allo shimfiɗe da 'yan layuka kamar an yi masa ɗinkin ado, ga wata 'yar fanka ta sha ƙura. Ya hure ƙurar ta dawo masa a fuska. Ya zare wayar batir a hankali, ya kalle ni don in shaida cewa ya ji maganar da ya ce bai buƙata.

Dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba, mutumin nan yana da hannu. Da ya zo sa ram, wani ɗan siririn allo mai haƙoran zinariya a gefe, ya fara kifa shi baibai, na ga yana shirin dannawa da ƙarfin gareji. Na ce ɗan yankan da ke cikin haƙoran ba a tsakiya yake ba, ya juya shi. Ya ce gwada ni yake. Ya juya, ya soka shi a karkace, ya danna a hankali, 'yan ƙarafa biyu na gefe suka kama shi ƙat. Katin waifai kuma bai kai rabin kwalin ashana ba, noti ɗaya ne ke riƙe da shi, sai wasu wayoyi biyu sirara kamar zare, fara da baƙa, su ne eriyarsa. Kowace da ɗan kanta na zinariya da ake ɗanawa, irin maɓallin rigar jarirai. Ya cire tsohon, ya sa sabon, amma yatsunsa da suka saba da sifana suka kasa ɗana wayoyin. Ya yi ta fama har gumi ya ɗiga a kan tawul. Na ɗauko ɗan hantsakin da nake tsince zare da shi, na ɗana fara, na ɗana baƙa, ban yi minti ɗaya ba. Ya ce ai da ma ya riga ya saita min su.

Kafin ya rufe ya mayar da wayar batir ya kunna ta a buɗe, don a gareji ba a rufe bonet sai an ji kukan inji. Ta tashi. Ban ma gama ninke hantsakina cikin tsumma ba ta gama buɗewa. Ya ƙwala wa Auta kira ta zo ta duba masa, ta shiga inda ake dubawa ta ce takwas ne. Waifai kuwa ba namu kaɗai ba, har na Malama a sama, har na kantin magani da ke layin baya duk sun jeru. Aka jona ɗan abin gefen da wayar intanet, shi ma ya kama. Ya ce in ɗauko kwandon wanki in gifta. Na gifta sau uku, ina addu'ar ya yanke ko sau ɗaya, bai yanke ba.

Auta ta ce, "Sannu da aiki, Baba," ta koma ɗaki. Shi kuwa fuskar nan tasa rabon da in ga irinta tun ranar da ya tayar da wata tankar da aka yi shekara ana cewa ta mutu. Ya ce in je in gaya wa Dogo a rage wa rabin awa kuɗi.

Ya kashe ta, ya kifa murfi, ya jawo farantin fure. Ba ya duba noti, da yatsa yake tsinta, don shekara talatin da biyu yatsan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce masa dogayen uku na can gefen da murfin gilashi ke lanƙwasa ne. Ya ce in je in duba ɗinkina. Ban tafi ba.

Mijina yana da wata doka da ya koya wa duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashinsa: in noti ya ce ya isa, ƙara masa kwata. Da ita yake alfahari, wai shi ya sa tayar da ya ɗaura ba ta taɓa fita a hanya ba. Noti na bakwai, a ramin tsakiya, ya tsaya tun kansa bai kwanta ba. Na buɗe baki. Ya gyara riƙo ya ƙara masa kwatarsa. Wani ɗan ƙara na ji, ƙis, kamar allura ta karye a cikin kaurin yadi. Shi bai ji ba, ko kuma ya ji ya ɗauka notin ne ya zauna.

Na ƙarshe ne ya tona asiri. Rami ɗaya ya rage a can gefe, noti ɗaya ya rage a faranti, gajere. Ya sa shi ya yi ta juyawa, yana ta yawo bai kama komai ba. Ya tsaya. Ya juyo da kwamfutar ya danna maɓallin kunnawa. Shiru. Ya sake dannawa ya riƙe. Ya jona caja, 'yar fitilar gefe ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Ya ce batir ne. Ya ce caja ce. Ya ce wutar gidan nan da ma ba ta da kyau. Ya sake kwance goma ɗin ya ɗaga murfi ya ƙura ido bai ga komai ba. Ni na gani. A kan koren allon, daidai ramin tsakiya, akwai wani ɗan ɗigo mai ƙyalli, launin jan ƙarfe, bai fi hudar allura ba.

Auta ta fito ta ce za ta hau wurin Malama. Ya yi sauri ya ja gefen tawul ya rufe, ya ce yana ɗan ƙarasa saiti ne.

Ƙarfe biyu muna shagon Dogo. Ya kunna fitilarsa, ya jawo gilashin ƙara girma, bai yi minti biyu ba ya ɗago. Ya ce dogon noti ne ya shiga gajeren rami ya huda fanel, wato koren allon nan. Ya ce allon hawa-hawa ne kamar littafi, akwai layukan wuta a ciki da ido ba ya gani, notin ya yanke su. Ba ya liƙuwa. Sai dai a yi odar wani, kuma na irin wannan tsohuwar in an yi sa'a sati biyu.

Injiniya ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu. "Ɗana, babu wata dabara? Gobe ne ƙarfe goma."

Shekaranjiya yaro ne, yau ya zama ɗa. Dogo ya girgiza kai. Ya ce abin da zai iya shi ne ya ciro ma'ajiyar da takardunta ke ciki ya kwafe mata, ko ta samu aron wata. Ya ciro wani ɗan abu ya jona a tasa kwamfutar, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce babu komai, fayau take, ba takardar shaida, ba hoto, ba komai. Na ga bakinsa yana shirin ƙara wani bayani, wai noti ba ya goge abu, amma ban bari ya kai ƙarshe ba, don ni tawa maganar ta riga ta taso.

Tun daga bakin shagon har ƙofar gida ban yi shiru ba. Na tuno masa fanka, na tuno masa dutsen guga, na tono har rediyon mahaifina da ya kashe satin da aka ɗaura mana aure. Na ce kuɗin hannun da ya raina ga shi ya haifi kuɗin fanel, da aikin yarinya, da takardunta na shekara huɗu. Na ce da tabarau ɗaya da akwatin magani ɗaya da duk ba a yi haka ba, amma girman kai ya hana. Mai aski har leƙowa ya yi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma daɗin faɗarsa nake ji, ba zan ɓoye ba. Shi dai yana gaba rungume da ledar, hula a aljihu. A gindin matakala ya zauna ya ce in yi masa arziki ɗaya, in bari shi ya faɗa mata da bakinsa. Na wuce shi na haye.

Auta tana falo tana goge rigar da za ta sa gobe, hannu ɗaya a kan dutsen guga, ɗayan ya ɗaga wayarsa sama. Kafin babanta ya gama cire takalmi na riga na zazzage mata komai, har da ƙis ɗin. Ya shigo ya tsaya bakin ƙofa yana jiran kuka. Ni ma shi nake jira.

Ta jingine dutsen gugar. "Ba komai, Baba. Tun Litinin na roƙi Malama, a tata zan yi. Jiya ma na gwada, ta cika duk sharuɗɗan."

"Takardunki fa? An ce babu komai a ciki."

"Ni na kwashe, suna filash. Na goge na cikin ne don na san ƙarshenta wurin Dogo za ta, ban so hotunana su kwana a shago ba."

Ta faɗa ne a hankali, don ta kwantar masa da hankali. Ya ajiye ledar a kan tebur, kusa da farantin fure da har yanzu ke nan.

"Tun Litinin," ya ce. "Tun kafin in taɓa ta."

"Eh, Baba."

"To me ya sa kika ba ni?"

"Na ga kana so ne." Ta ɗan kalle ni. "Umma ma ai ta ce in yi mata bankwana."

Ya gyaɗa kai ya ce ta yi hankali, Allah ya yi mata albarka. Ya shige ɗaki.

Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Kwana biyu mutumin nan yana gumi yana ganin aikin 'yarsa ne a tafin hannunsa, ashe fanko aka ba shi ya yi wasa, yadda ake ba yaro mataccen rimot don ya bar mai kyau. Ko da ya yi nasara ma babu mai jiran nasarar. Kuma ba Dogo ne ya koya mata haka ba, ba makaranta ba ce. Ni ce, a kicin, shekara ashirin da huɗu ina maimaita mata magana ɗaya ina dariya.

Alhamis ƙarfe tara da rabi ta hau sama da filash ɗinta. Ya fito ya yi mata addu'a a bakin ƙofa ya koma. Bayan kwana takwas suka kira ta, ta samu aikin. Kamfanin ma ya aiko mata da tasa kwamfutar sabuwa, kowane noti an manna masa 'yar takarda mai cewa kada a buɗe. Ta kawo masa ya gani. Ya duba daga inda yake zaune, hannuwa a kan gwiwa, ya ce tana da kyau.

Akwatin sifanu ya koma ƙarƙashin gado, can ciki inda tsintsiya ba ta kaiwa. Famfon kicin ya fara ɗiga ya ce a kira mai famfo. Ƙofar banɗaki ta fara kuka ya ce a kira kafinta. Shekara da shekaru abin da nake roƙo ke nan, na samu, gidan ya yi min wani irin shiru. Da hantsi yakan zauna ƙarƙashin fankar guguwa ba tare da ya kunna ta ba.

Wata safiya na ɗauki ɗaya daga cikin 'yan sukundirebobin nan nasa, na sassauta notin da ke riƙe da ƙafar kekena, na ajiye ta a gefen keken inda ido zai gani. Na taka, keken ya hau kwaram-kwaram. Na kira shi na ce Injiniya, zo ka ji min wani ƙara. A karon farko ban ja sunan yadda na saba ba.

Ya zo ya tsaya, hannuwa a baya. Ya ce in sake takawa. Ya karkata kai ya saurara, bai kai daƙiƙa biyar ba ya ce noti ne ya saki, na jikin ƙafar. Ya kalli sukundirebar, ya kalle ni.

"Ki kira mai gyaran keke," ya ce, ya koma kujerarsa.

Yau kwana tara ke nan keken yana ƙara, ɗinkina duk ya karkace, wata mata ma ta dawo min da siket. Ban ɗaure ba, ban kuma kira kowa ba. Sukundirebar tana nan inda na ajiye ta.